Mai Haɗiye Tari

A ofishin inshorar lafiya wani dattijo yana zaune kusa da ni, kwat ɗinsa ta yi masa yawa, biro uku a aljihu. Wai marubuci ne, wata jarida ta kirawo shi daga ƙasarsu. Ban yarda ba. Wace jarida ce za ta bar ma'aikacinta yana neman inshora da kansa?

Ma'aikaciyar ta tambaye shi, "Baba, kana da wani ciwo?"

"Garau nake, 'yata."

Amma maƙogwaronsa sai hawa da sauka yake, idonsa ya kawo ruwa. Tari yake haɗiyewa. Yana fita na jiyo shi a matakala kamar ƙirjinsa zai tsage.

Ita ma ma'aikaciyar ta ji. Ta ƙura mini ido ta ce, "Kai ma garau kake?"