Tulun Irin da Aka Bar wa Kakata

Jiya na buɗe rumbu, ƙamshin tsohon gero ya tuno mini da kakata. Ba ta yarda da kowa ba. Ko kindirmo aka kawo daga ruga, sai ta sansana, ta ɗanɗana, sannan ta harari mai shi. Mutanen garinmu Urafane kan ce mai zargi haka ita ma abin zargi ce.

Shekarar da mahara suka addabi ƙasar Tasawa, tun Nasara ba su zo ba, maƙwabcinmu ya gudu da iyalinsa, ya bar mata tulun irin gero, bakinsa liƙe da laka. Yunwa ta kai mu ga cin ganye. Ina goyon fari, nonona ya ƙafe, na ce, "Kaka, mu ɗebi ko tafi guda."

Ta ce, "Ba namu ba ne." Ta turo mini rabonta na tafasa.

Da maƙwabcin ya dawo gab da shuka ya hau godiya, ta katse shi: "Duba lakar tukuna, Malam. Kar ka yarda da ni." Ya duba, ya ga tana yadda ya bar ta, ya fashe da kuka. Rabin unguwa da irin nan suka yi shuka.

Allah Ya sa ta tarar da ajiyarta cikakkiya, kamar yadda ta mayar da ta mutane.