Kwanon Baba Isiyaku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni daga Kafin Hausa, wai Baba Isiyaku tela ya rasu. Tun ɗazu nake zaune, ko zare ban taɓa ba.

Shi ya koya min ɗinki. Ranar da na ɓata shaddar wani ango, ko murya bai ɗaga ba. Cewa ya yi, "Je ka ci abinci, ka dawo mu san yadda za mu yi."

Zaman keken ɗinki ya tara masa teɓa, ƙafafu kuma suka tsotse. Har ta kai sallah ma sai a kan kujera, can ƙarshen sahu. Ba shi da burin da ya wuce ya sake yin ta a tsaye.

Likita a Dutse ya ce ba ƙiba ce kaɗai ba, tsokar jikinsa ce ke zaizayewa. Ya ɗora shi kan tsarin da suke kira keto: ba tuwo, ba fura, ba shinkafa. Ƙwai, kifi, nama da ganye, kuma ya ci ya ƙoshi. Mutumin da ya tashi da gero a ce ya bar tuwo! Amma wallahi ya bari.

Ciyayya ce ta kawo cikas. A unguwarsu bayan magariba kowane magidanci ƙofar gida ake kai kwanonsa, a ci tare. Na Baba ya zo da kifi, na sauran tuwon dawa miyar kuka. Sai ya tura nasa tsakiya, kowa ya ɗiba, abin da zai samu kaɗan ne. Tuwon kuma ba zai taɓa ba, ai likita ya hana.

Teɓa ta tafi, mutane na ta "Masha Allah, Baba ya koma saurayi." Ƙafafun kuwa sai ƙara sirancewa suke.

Na yi magana har na gaji. Iya matarsa ma ta gaji.

Zuwana na ƙarshe na ce, "Baba, don Allah ka riƙa cin naka a ɗaki."

Ya harare ni. "In shige ɗaki da kifi, maƙwabtana na waje da kuka? Haba Sani."

Da la'asar ta yi ya ce in kama shi. Ya miƙe, ya yi kabbara, kafin a gama Fatiha ƙafafu suka ƙi. Bayan sallama ya ce, "Gobe ma sake gwadawa."

Anjima bayan azahar za mu sallace shi, mu duka a tsaye.

Allah ya jiƙanka Baba, ya ciyar da kai kamar yadda ka ciyar, ya ba Iya haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.