Takin Gonar Baffa

Har yau in na bi ta gefen mai tsire a kasuwar Tsanyawa, ƙamshin ƙuli da citta ya bugi hancina, sai zama ya gagare ni, in riƙa jin kamar akwai motar da ke shirin tashi ta bar ni. Ba yunwa ba ce, don ko a ƙoshe nake haka nake ji. A gidanmu, ranar da aka ji Iya, wato kakata, ta zuba ƙuli da barkono da masoro a turmi tana daka tana atishawa, kowa ya san Baffa ya kusa barin gari.

Baffa ƙanin mahaifina ne, sana'arsa tsire. Da an gama girbi an kai dawa rumbu, sai ya wasa wuƙarsa, ya ɗura yajin Iya a jakar fata, ya tafi cin rani. Samarin garinmu da yawa suna tafiya, amma su iyakarsu Kano ko Kaduna, wanda ya yi nisa ya kai Ikko. Shi kuwa Baffa gabas yake dosa, ya faɗa Kamaru ko Cadi, kuma kowace shekara sai ya wuce inda ya tsaya bara. Yakan ce duk garin da ake yanka dabba yana da wurin kwana. Ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa, wani lokacin ma sai an yi shuka, ya shigo a rame, ya yi baƙi wuluk, aljihu babu nauyi, baki cike da labari.

In ba ka taɓa zama a ƙasarmu ba, da wuya ka gane abin da labaran nan suke yi mana. Mu nan babu daji. Ka fita daga gida ka shiga gona, ka fita daga wannan ka faɗa ta wani, haka za ka yi ta ƙetare iyaka har ka isa Bici. Kowace bishiya da mai ita, ko ɗorawa ce ta zubo an san matar da za ta tsinta. Da damina awaki a turke suke wuni su kwana, mu yara mu yanko musu ciyawa a bakin iyaka, can ɗin ma sai an yi faɗa a kanta. Naman dajin da na sani gafiya ce da kurege, sai bushiya jefi-jefi. Ranar da zomo ya yi kuskuren ɓullowa, unguwa guda ce ta bi shi da sanduna, har da liman.

To a irin wannan wuri ne Baffa zai zauna gindin tsamiyar ƙofar gida bayan la'asar, ya ce ya shiga mota tun hantsi har rana ta faɗi bai ga kunyar gona ko ɗaya ba. Ya ce ya ga giwaye sun tare hanya, direban da ya wuni yana zage-zage ya kashe mota ya yi tsit, har ƙaramarsu ta gama tsallakawa. Ya ga raƙumin dawa yana kiwo a ƙololuwar bishiya. Ya yi wanka a kogin da ba a hango ɗaya gaɓar, dorina ta ɗago kai tana huci kusa da inda mata ke wanki, matan ko a jikinsu. Ni kuwa ina gefensa baki buɗe, har Iya ta leƙo ta ce in rufe kada ƙuda ya shiga.

Kakanmu, wanda kowa ke ce wa Malam, shi ma yana ji, yana saƙar igiya da hannu. Ba ya ƙaryata Baffa, amma tambayoyinsa su ke ba ni haushi. Da aka zo kan giwa, cewa ya yi, “Kashinta fa, wa ke kwasa?”

Baffa ya ce, “Babu mai kwasa, Malam. Nan yake bushewa.”

Malam ya ajiye igiya ya yi salati, ya ce lallai akwai asara a duniya. Da aka ce masa ƙasar da babu gona, sai ya tambaya ko mutanen can ba su da lafiya ne. A wurinsa mutum yana barin gida ne don neman abinci, ko karatu, ko aikin hajji. Ya sha tambayar Baffa wanne ne nasa a ciki, tunda abincin ma ba a ga ya tara ba. Amsar Baffa ba ta zama ɗaya ba. Yau ya ce ciniki ya fi tafiya a can, gobe ya ce yana son jin yarukan mutane. Rana guda kawai na ji ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce, “Wanda ya halicci giwa bai halicce ta don ya ɓoye ba, Malam. Ni ina son in ga aikinsa kafin in mutu.” Malam ya ci gaba da saƙa.

Tun ina ƙarami Baffa ya yi mini alkawari cewa ranin da na gama firamare da ni zai tafi. Na riƙe maganar nan tamau. Na koyi fere tsinke, na koyi yanka nama fale-fale, na yanke yatsa ba sau ɗaya ba. Da daminar shekarar da na gama ta zo, ina noma ina kallon gero kamar in ja shi da hannu ya yi sauri ya nuna.

Sai dai akwai maganar gonar Baffa. Malam ya yankar wa 'ya'yansa biyu gona tun yana da ƙarfinsa, ta Baba da ta Baffa suna manne, layin gamba ne kawai a tsakani. Ƙasarmu kuwa ba ta hutawa, kowace shekara sai an nome ta, saboda haka sai an ciyar da ita. Da rani ake wannan aiki. A share turken awaki da tumaki, a haɗa da toka da sharar gida, a cika mangala a ɗora wa jaki, a je a zuba tuli-tuli a gona, a dawo a sake, kullum haka har ruwa ya sauka. Wanda bai yi ba, damina za ta tona masa asiri. Lokacin kai taki kuwa shi ne daidai lokacin da Baffa yake can yana kallon dorina. Shekarar nan ƙuduji ya rufe gonarsa da jan fure, geron ya tsaya iya gwiwa, abin da aka girba bai fi a ɗauka a ka ba. Masu wucewa kasuwa suna nunawa da baki.

Bayan girbi Malam ya kira su biyun gindin tsamiya. Ban yi nisa ba, kuma ba a kore ni ba. Ya ce gona ba ta san sunan uba ba, mai kai mata taki ta sani. In Baffa ya zauna ranin nan ya ciyar da ita, tasa ce har abada. In kuwa ya ɗauki jaka, to ta koma hannun yayansa, kuma babu sake magana. Baffa ya ce zai bar sallahu a riƙa kai masa. Malam ya ce, “Da jakin wa? Da awakin wa?” Baba dai kansa na ƙasa, bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba. Mu muna da yawa a ɗakinsa, kuma hatsinmu ba ya kai mu wata damina.

Ka san abin da rasa gona yake nufi a nan. Babu inda za ka je ka sari sabuwa, kuma mai ita ba ya sayarwa sai uwar bari. Baffa ya yi kwanaki ba ya hira. Da asuba sai in hango shi yana zaga gonar, ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya watsar. Iya ta kifa turminta. Ni kuwa kullum addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa ya zaɓi tafiya, don a lissafina in ya tafi na tafi. Ko kaɗan gonar ba ta dame ni ba, ina ganin ai tana cikin gida.

Wata safiya na ji dukan taɓarya, ƙamshin masoro ya cika tsakar gida. Iya tana daka tana share ido, ta ce barkono ne. Na ruga na ƙulle rigunana biyu a ɗankwalin Inna, mahaifiyata, na fito tsakar gida da ƙullina ina jira a ce mu tafi. Nan Baba ya same ni. Ya dubi ƙullin, ya dube ni, ya ce, “Gona biyu ce yanzu. Wa zai kai takin?”

Sai a lokacin lissafin ya fito mini. Baba da rani ɗinki yake yi a kasuwanni, da shi muke ci kafin sabon hatsi. Ƙannena duk ba su kai ɗaga mangala ba. Ni ne babba. Baffa ya je ya same shi a zaure, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana roƙo, yana cewa alkawari ya yi wa yaro. Baba ya ce, “Ka bar mini gona, na gode. Yanzu kuma hannun da zai yi mata aiki za ka ɗauke?” Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mini rai, don babu wanda zan ce ya zalunce ni.

Na raka Baffa bakin titi inda motocin Bici ke tsayawa. Da motar ta zo ya dafa kaina ya ce in yi haƙuri, baɗi war haka muna tare. Na ture hannunsa. Motar ta tashi, na juyo gida na tarar an ɗaure mini jaki a ƙofa.

Ranin nan na kai taki da fushi. Jakin ya sha duka ba laifinsa ba. Duk sawun da na yi, sai in tsaya a ƙarshen gonar in kalli gabas, babu abin da nake gani sai gonar maƙwabci da rumbunansa. Amma gonar ta karɓi abin da aka ba ta. Damina biyu ƙuduji ya ja baya, geron ya fi ni tsawo, Malam ya riƙa kawo baƙi yana nuna musu. Yunwar bazara ta bar gidanmu, wannan ba zan ɓoye ba.

Abin da babu wanda ya hango, har Malam da duk dabararsa, shi ne gonar nan ita ce ke dawo da Baffa. Da ba shi da abin shukawa, hadari ya daina kiransa gida. Damina ta zo babu shi, wata ta zo babu shi. Ya leƙo sau ɗaya da Malam ya rasu, ya yi kwanakin zaman makoki a matsayin baƙo, ya koma. Lokacin ni na riga na yi aure, nauyi ya hau kaina. Daga baya sai dai fatake su ce sun gan shi a wani gari bakin babban kogi, can bayan Kamaru, ya yi iyali. A bakinsu muka ji rasuwarsa. Iya ta riga shi, kuma har ta koma ga Allah duk bazara sai ta sa an share ɗakinsa.

Ni kuwa na zauna. Na yi karatu a Bici, na koyar da yara har na yi furfura, ina noma a gefe. Gonar da aka tsare ni dominta mun raba ta ni da ƙannena, rabon kowa bai fi a tsaya a wannan gefe a miƙa wa na can goro ba. Yanzu takin buhu ake watsawa, jakuna sun yi ƙaranci a gari. Jikokina suna nuna mini giwa a waya su wuce zuwa wani abu kafin in gama kallo. Na taɓa shiga gidan namun daji a birni, na ga zaki kwance a kan siminti ƙuda na bin idonsa, na fito raina a ɓace.

Bara da rani wani magidanci ya yi sallama a ƙofar gidana, Hausarsa a karye, yana cakuɗa ta da Faransanci. Tun kafin ya faɗi ko shi wane ne na gane goshin. Ɗan Baffa ne. Ya keto ƙasashe don ya ga gonar ubansa. Ya ce tun suna yara babu labarin da ubansu ke ba su sai na wata gona mai layin gamba, da geron da babu irinsa a duniya. Na kai shi. Ya tsaya a kan 'yan kunyoyin nan sannan ya roƙi in bar shi ya ɗebi ƙasa a leda. Na tambaye shi dorina, ya yi mamakin tambayar, ya ce ai a bayan gidansu suke, har sun ishe su da ɓarnar shuka. Da zai tafi ya ce, “Yaya, ka zo mana. Babanmu ya ce akwai wanda yake binsa bashin tafiya a gidan nan.”

Na yi damina guda ina juya maganar. Hanya ba kamar da ba ce, yanzu sai da takardu, ga fargabar da ba a sani ba a zamanin Baffa, ga gwiwa ta fara ciwo. Na duba ko akwai wanda zai hana ni, na ga duk masu hanawar suna maƙabarta. Satin da ya wuce, da muka gama kai dawa rumbu, na shiga mota zuwa Bici don a ɗauke ni hoton takardun tafiya. Yaron mai hoton yana gyara mini hula ya ce, “Baba, Makka za a je ne?” Na ce a'a, dorina zan je gani. Ya yi dariya har ya sauke abin ɗaukar hoton, ya ce don Allah in faɗa masa gaskiya. Na ce ya ɗauka kawai, yaro, kada rani ya ƙare ina zaune a kan bencinsa.