Ranar da Dogo Ya Kai Yayarsa Yawo

Allah ya jiƙan Dogo. Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a ƙasar mutane, amma sunansa na yanka sai a takardar asibiti na fara ganinsa. Direban kamfanin wanki da guga ne. Kullum da safe yakan loda zannuwan gado da tawul da mayafan tebur a motar kaya, ya bi otal-otal da gidajen cin abinci yana sauke masu tsabta, yana kwasar masu datti. Rigarsa ba ta rabuwa da ƙanshin sabulu. Ba ya shan shayi sai ya huce, ba ya kwanciya sai ya kira mahaifiyarsa, ko da gaisuwa ce kawai.

Shekaru sun tura bai je gida ba. Inna ta tsufa, ba ta iya doguwar tafiya, sai ta turo yayarsa. A waya, yana ji, ta ce da ita, "Ki dubo min shi da idonki. Bakinsa kullum lafiya lau, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba."

Wannan magana ta hana Dogo sukuni. Abin da Yaya za ta koma ta faɗa wa tsohuwa, shi ne damuwarsa. Ya wanke labule, ya tura katifata ɗakin maƙwabci, ya sayi sabuwar riga, ya roƙi hutun kwana ɗaya. Ya ƙudurta zai kai ta benen da ya fi kowane tsawo a garin, wanda baƙi ke hawa su ga birni har bakin teku, su ɗauki hoto a gaban gilashi. Hoton nan yake so ya isa hannun Inna.

Yaya mace ce gajera mai kaifin baki. Tun a cikin bas ta fara.

"Wancan ginin mai ƙusoshin zinariya fa, mene ne?"

"Otal ne. Tawul ɗinsu nauyi, kamar bargo."

"Wancan mai gumaka a gaba?"

"Gidan tarihi. Mai shagon shayinsu mutumin kirki ne."

"Me ke ciki?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Tarihi."

"Kai, Auta! Shekara da shekaru kana garin nan, abin da ka sani ke nan? Tawul?"

Ya yi dariyar yaƙe.

Da suka sauka, hira ta ɗauke masa hankali, ƙafarsa kuwa ta bi hanyar da ta saba. Bai nufi babbar ƙofa mai juyawa ba, inda baƙi ke layi. Ya karya kwana ta lungu, ya wuce kwandunan shara da kwalayen kayan miya, ya danna ƙararrawar wata ƙofar ƙarfe mara fenti. Sai da ta buɗe ya farga. Ga Yaya a bayansa cikin lafiyayyen mayafinta, tana ɗage zani saboda ruwan wanke-wanke.

Ya so ya juya, amma maigadi ya riga ya cafke hannunsa, yana ihu da yaren garin. Dogo ya fassara wa Yaya, murya ƙasa-ƙasa, "Wai yau na yi ango, ina kayan wankin?"

"Ka ce masa ga kayan wankin nan ka kawo, tsohuwar yayarka."

Da maigadi ya ji ko wace ce, ya cire hula, ya dafa ƙirji. Ya ƙi bari su koma. Ya saka su a liftar kaya, tsakanin kekunan tawul. Dogo ya kafe idonsa a ƙasa har suka kai sama. Sabuwar rigar ta jiƙe da gumi.

Ba ɗakin gilashi suka ɓulla ba, kicin ne. Babban kuku ya ajiye wuƙa ya rungume shi. Matar da ke wanke kwanuka ta goge hannu ta kama na Yaya, tana ta zuba magana tana nuna bayanta.

"Me take cewa?"

"Ba komai."

"Auta, zan mare ka a gaban mutanenka."

"Wai lokacin da bayanta ya riƙe, ni nake ɗaukar mata kaya."

Kuku ya kai su wata 'yar taga a ƙarshen kicin, kusa da tulin buhuna. A ƙarƙashinta akwai bokiti a kife. Ya nuna bokitin, ya nuna Dogo. Nan yake zama kullum kafin a haɗa masa masu datti.

Yaya ta leƙa. Babu teku ta nan, babu ƙusoshin zinariya. Rufin gidaje ne kawai, da layin dogo, can nesa kuma jirage suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

"Ga tagogi da yawa, me ya sa sai wannan?"

Ya matso kusa da tagar. Sannan ya miƙa dogon hannunsa. "Gida ta can yake."

Yaya ta ja bakin mayafi ta share ido. Ta zauna a kan bokitin, ta ce a kawo mata shayi tunda an ce ƙaninta mai gari ne.

A hanyar komawa ya ce, "Yaya, gobe sai mu bi ta ƙofar gaba. Kada ki gaya wa Inna ta lungu na bi da ke."

"Ƙofar gaba wa ya san ka? Ni na ga abin da aka aiko ni in gani."

Hoto ɗaya ta tafi da shi: Dogo a tsakiyar kuku da maigadi da mai wanke kwanuka, ya rusuna don kansa ya shiga. Ta ce da Inna, "Ɗanki ya rame, yana kewarki, amma yana cikin mutane." Ranar, Inna ta ce masa a waya ta yi barci har rana ta fito.

Ya yi alkawarin zuwa baɗi. Ciwon ƙirji bai bar shi ya kai baɗin ba. Mutanen ƙofar baya su suka cika harabar asibiti, wasu da fararen hulunan aiki a kansu.

Da na kira gidansu in yi ta'aziyya, Inna ta karɓi wayar da kanta. Tambaya ɗaya ta yi min: "Waɗanda ke cikin hoton, sun zo?"

Na ce, "Duk sun zo, Inna."

Ta ce, "To, alhamdulillahi."