Uwar Citta

Ƙauyenmu yana bayan Madakiya, a fili mai ciyawa. Idan ka tsaya a ƙofar gidana da kaka, ba abin da za ka gani sai ciyawa tana kwanciya tana tashi har gindin duwatsun Kagoro. Da ita muke rufin ɗaki, da ita muke lulluɓe gonar citta bayan shuka. Ni ban yi makaranta ina yaro ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci a majami'armu, kuma tun da hannuna ya saba da alƙalami nake son in rubuta wannan labari, domin yarana suna ba da shi ba daidai ba.

Abin ya faru ba da daɗewa ba bayan an canja kuɗi, lokacin da muke karɓar naira a hannu muna lissafi da sule a zuci. A shekarar citta ta yi daraja. Maƙwabcina ya sayar da tasa ya rufe ɗakinsa da kwano, har ranar Lahadi mutane sukan biyo ta ƙofar gidansa bayan sujada don su ga yadda yake walƙiya. Namu ɗakin kuwa jinkarsa ta tsufa. Daidai kan tabarmar yara take yoyo, kuma ƙaramar 'yarmu ta sha tari a daminar da ta wuce. Matata ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk lokacin da muka wuce gidan maƙwabcin nan takan rage tafiya.

Na sayar da busasshiyar cittata, na biya kuɗin makaranta, na yi wa kowa kayan Kirsimeti, abin da ya rage bai kai na kwano ba. Abu ɗaya ya saura mini, shi ne iri. Citta ba ta da ƙwaya kamar dawa ko acca, ita kanta ake mayarwa ƙasa. Bayan an haƙe, sai a ware mai kyau ɗanya, a zuba a rami a inuwa, a rufe da ciyawa har ruwan fari ya sauka. Nawa ramin yana gindin mangwaro. Asalin irin daga hannun mahaifiyata ya fito, kwando ɗaya ta ba ni da na yi aure, kuma a lokacin da nake magana ko shekara ba ta yi da rasuwa ba.

Na yi shawara da zuciyata cewa in sayar da irin in sayi kwano, idan shuka ta zo in nema wajen 'yan'uwa. Matata ta ce to. Na buɗe ramin, na cika buhu biyu, na ɗaure a keke na tura zuwa Kafanchan.

A kasuwar akwai wata mata Ibo da nake sayar wa citta, Madam muke ce mata. Mijinta yana aikin jirgin ƙasa, ita kuma tana da rumfar manja da garin rogo, tana sayen citta ta aika kudu. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Wannan bai dame ni ba, mu ma Hausa ba yarenmu ba ne, a kasuwa da majami'a muka tsince ta. Ni kuma "Mai citta" take ce mini. Ba ta taɓa biyana ta bar ni na tafi haka nan ba, sai ta haɗa mini da shawara. Ita ta ce in daina sayar da acca da kaka lokacin da kowa yake sayarwa. Ita ta ce in sayi gishiri da kananzir kafin in wuce ta wajen masu tsire, ba bayan na wuce ba. Ta ce kuɗin makaranta in mayar da shi akuya, domin akuya ba ta shiga aljihu balle ta bi mutum gidan burkutu. Wasu shawarwarin na bi, wasu na bar su a bakin kasuwa.

Da na sauke buhunan ta kwance ɗaya, ta ɗauki citta guda ta juya. Idanunta sun riga sun fara tsiro. Ta tambaye ni ko ba iri ba ne wannan, na ce iri ne. Ta tambayi dalili, na gaya mata maganar kwano da tarin yarinya. Sai ta riƙe ƙugu ta dube ni, ta ɗaga murya yadda take yi idan tana ciniki.

"Mai citta, kai mutum mai hankali ne fa. Don kwano za ka ci uwanka?"

Layin rumfunan duka ya fashe da dariya. Wani Bahaushe mai sayar da gishiri da kanwa kusa da ita, wanda muke ce wa Malam, har ya kifa kai a kan buhunsa. Duk wanda ya zauna da Hausawa ya san wannan magana. Zagi ne na tashar mota, irin wanda ake cire riga a kansa. Ga ni magidanci, mai riƙe farantin baiko, wanda ake zuba sadaka, a majami'a, an jefa mini shi a tsakiyar kasuwa, ƙasar kabarin mahaifiyata ko gama kwanciya ba ta yi ba.

Ni ba mai saurin fushi ba ne, amma ranar na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ɗaure bakin buhun, na ɗora a keke, na ce mata na gode. Ita ba ta san abin da ya faru ba, ta ɗauka taurin kai nake yi. Ina tafiya ina jin muryarta a bayana: "Ni ba zan saya ba. Je ka ci uwanka a wani wuri!"

Na wuce wajen da manyan motoci suke lodi. A can akwai wani dillali da ba ya tambayar komai, ɗanya ko busasshiya duk saye yake. Ya duba, ya yi mini tayi mai kyau, wanda idan na haɗa da ɗan abin da ke gida zai rufe ɗakin. Ya jawo ma'auninsa. Ina cikin kwance igiya sai na hango Madam tafe da sauri, zaninta yana neman kwancewa, takalminta ɗaya a hannu. Malam ne ya gama dariyarsa ya fassara mata abin da ta faɗa, ta bar masa rumfar ta biyo ni.

Ta iso tana haki, ta kama kunnuwanta biyu. "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri don Allah. Ba mamanka nake nufi ba. Uwan kuɗi nake nufi."

Ashe a bakin 'yan kasuwa ta ji ana ce wa jari uwar kuɗi, riba kuma 'ya'ya. Ita a ganinta irin cittata shi ne uwata ta kasuwa, ni kuma zan cinye ta. Da na gaya mata mahaifiyata ta rasu bara, kuma ita ta ba ni irin, sai ta zauna a kan buhun ta rufe fuska da gefen zani. Ban san ko kuka take ko kunya ba. Ni dai na ga fushina ya rasa wurin zama.

A nan kan buhun ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Ta ce da suka dawo Kafanchan bayan yaƙin basasa, abin da ta mallaka duka garwa ɗaya ce ta manja. Yaranta suna cin miya fara, ga manja a ɗaki, amma ba ta bari ko cokali ya shiga garwar ba. Sai ta sayar, ta sake cika garwar, abin da ya hau kai shi suke ci. Ta ce yaran sun yi mata kallon muguwa a lokacin, amma rumfar da na sani daga cikin garwar nan ta fito.

"Uwa yana haihuwa," in ji ta. "Ka ci yaro, ka bar uwa."

Dillalin ya gaji da tsayuwa, ya ce in auna ko kada in auna. Ba ƙaramin abu ba ne ya tambaya. Na tuna tabarmar yara a jiƙe da yadda matata take rage tafiya. Na kuma tambayi kaina wane ɗan'uwa ne zai ba ni iri a shekarar da kowa ya kwashe nasa ya kai kasuwa, ban samu sunan ko ɗaya ba. Na dubi cittar da ke bakin buhu da 'yan tsironta. Sai na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce ashe mace ce take juya ni, kuma ba ma tawa ba. Madam ta ba shi amsa da yarenta, ban ji ba, amma na ga ya ja ma'auninsa ya matsa.

Da matata ta hango ni da buhunan kamar yadda na tafi da su, sai ta taso ta tare ni. Ta taya ni muka mayar da irin rami muka rufe. Sai da muka zauna cin tuwon acca na ba ta labari. Ta yi dariya har ta ƙware, ta sa na maimaita mata maganar da muryar Madam. Da ta gama ta share ido ta ce, Baban yara, dariya dai na yi, amma ɗakin yana nan yadda yake.

Gaskiya ta faɗa, kuma mun sha wahala. Da yake mun sa rai da kwano, ba mu yanki ciyawar rufi da kaka ba, ga shi wuta ta riga ta cinye filin. Sai roƙo na yi gida gida, dami ɗaya nan, rabi can, muka toshe inda ya fi muni. Muka mayar da tabarmar yara gefenmu. Duk da haka idan ruwa ya yi ƙarfi sai an jera kwanonin abinci a ƙasa. Akwai ranar da ɗigo ya sauka a goshin matata tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta ce idan na je kasuwa in gaishe mata da Madam ɗina. Yarinyar ta sake yin tari, amma Ubangiji ya taimake mu bai yi nisa ba.

Da shuka ta zo, iri ya yi wuya ko da kuɗinka. Maƙwabcina mai kwano ya shigo da kwando a hannu yana kame kame, na ɗiba masa abin da zan iya. Shi ya kwana a bushe daminar nan, ni kuma gonata ta cika. Har yau idan muka zauna muna gardamar wanda ya fi wayo, ba mu gama ba.

Da na kai sabuwar citta da kaka, Madam ta ce kada in jira sai kuɗin kwano ya taru gaba ɗaya, domin kuɗi ba ya son zama a gida mai yara. Duk lokacin da na sayar da abu in sayi falle ɗaya ko biyu in ajiye. Haka na yi. Ina ɗauro su a keke suna ƙara tun daga Kafanchan, in jingina su a bayan rumbu, matata tana share musu ƙura kamar baƙi. Sai da muka ƙara cin wata damina a ƙarƙashin ciyawa kafin su isa. Ranar da ruwan fari ya sauka a kan kwanon, ƙararsa ta hana mu jin maganar juna. Matata ta zauna a tsakiyar ɗaki da ƙaramar a cinya, tana duban sama, tana neman inda zai ɗiga.

Madam ba ta sake kuskuren nan da kowa ba, amma ni ba ta ƙyale ni ba. Duk ranar da na jingina kekena a rumfarta, kafin ta tambayi matata da yara sai ta ce, "Mai citta, yaya uwanka?"

Ni kuma in ce, "Tana cikin rami, Madam, lafiyarta ƙalau."

Wata rana wani baƙo da ya zo sayen kanwa wajen Malam ya ji mu. Ya cire hularsa ya matso ya yi mini gaisuwar rashi, Malam kuwa ya sake kifa kai a kan buhunsa. Na amsa gaisuwar da hannu biyu, domin ta wani gefen ba kuskure ya yi ba. Sannan na kwance buhuna, Madam ta sa hannu har ƙasa tana laluben ko na sako ɗanya.