Gaisuwar da ta kashe mana mota a Kalfu

Har yau ban huce da yayana ba kan abin da ya yi a Kalfu, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Mun ɗauko innarmu daga ƙauye a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, za mu kai ta Tawa wurin likitan ido da ya zo daga Yamai, wanda zai koma a ranar.

Na san halin motar. In ta yi zafi aka kashe ta, fetur yakan tafasa a karbireta, ba ta tashi sai ta huce. Tun daga gida nake roƙonsa: "Yaya, don Allah kar ka kashe ta a hanya." Ya ce na cika fargaba.

A Kalfu muka tarar da surukinsa zaune a gindin itacen bedi. Yaya ya taka birki, ya murɗe makulli.

"Yaya, mi ka yi haka?"

"Kai, rufa man baki! In gaida surukina inji na ruri? Ni ba mara kunya ba ne."

Da aka gama gaisuwa, mota ta ƙi tashi. Ya yi ta dannan totur har fetur ya cika ta, wari ya tashi. Na kwance rawanina, na jiƙa da ruwan goran Inna, na naɗe famfon fetur. Sai bayan la'asar ta kama.

Mun isa Tawa likita ya tafi. Inna ta lalubi hannuna ta sauka. Kafin likitan ya sake zuwa, idonta ya rufe. Yaya ya ce ƙaddara ce. Ni dai na ga hannun da ya murɗe makullin.