Jirgi Ba Ya Sauka a Matameye

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, manomin rake a Matameye, kuma har yau ban huce ba. Haushin wani lissafi nake ji, wanda ni na kai shi gidanmu da bakina.

Tun da na kama aiki a Yamai, duk wanda ya ce na yi nisa sai in ce ai daga filin jirgin Yamai zuwa na Damagaram, mafi kusa da gida, awa ɗaya da rabi ne, ana kira na iso. Na yi ta faɗa har kowa ya haddace. Yaya Habu kaɗai maganar ba ta shiga ba. Wata rana yana fere mini rake ya ce, "Ƙane, shi jirgin naka yana sauka a Matameye?" Na yi dariya. Ashe ganinmu na ƙarshe ke nan.

Da ciwo ya kwantar da shi, kullum na buga waya sai Baffa Sale, ƙanin mahaifinmu, ya ce da sauƙi. Mu dai mutum ko yana gargara, da sauƙi muke cewa. Daga baya na ji abin da Baffa ke faɗa wa mutanen gida: "Kar a ta da hankalin yaron, yana da aiki. In abin ya yi tsanani, ai awa ɗaya da rabi ne."

Abin ya yi tsanani wata Talata da hantsi. Ranar babu jirgi, gobenta ma babu, manyan motoci kuwa tun asuba suka tashi. Na bi motar washegari. Muna Kwanni aka ce Yaya ya cika, kafin mu kai Maraɗi an kai shi makwancinsa. Matarsa ta ce sau uku yana tambaya ko na taso.

Yau kowa na latsa waya ya ga nisan filin jirgi da filin jirgi, har da mintoci. Da Yaya na nan, na san tsaki zai ja. Ina masu wannan lissafin suka sa ranar da babu jirgi? Ina hanyar Damagaram zuwa gida? Ina dattijon da zai ɓoye maka gaskiya don ya tausaya maka? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ina gaida Baffa Sale, amma wallahi raina bai daina ɓaci da shi ba. Sai dai in na zo zarginsa, sai in tuna wanda ya ba shi lissafin.

Yaya Habu bai bar dukiya ba, sai gonar rake da tambayar nan tasa. Ita ta koya mini zumunta a ƙafa take, bayan koyon ba zai amfane shi ba. Allah ya jiƙansa. Yanzu in aka tambaye ni nisan Yamai da gida, kwana biyu nake cewa, kuma na ga ranar da kwana biyun ma ba su isa ba.